Na'urorin ɗibar iska da tsananin sanyi: tambayoyi da amsoshi kan rigimar mallakarsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan fitowa daga bakin ma'aikatan ɗakunan gwaje-gwaje, da ɗaliban kimiyyar sinadarai da yanayi, da jami'an sayen kayan aiki, da masu ƙere-ƙere da ke son yi wa abin da suka ƙera rajista. Bayani ne na fahimta. Wanda shari'a ta riga ta same shi, lauyan da ya san fannin ne abokin tafiyarsa.

Mece ce na'urar ɗibar iska da tsananin sanyi, kuma yaya take aiki?

Kowa ya san yadda gorar zoɓo mai sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firij: danshin da ke cikin iska ne ya taɓa sanyi ya koma ruwa. Wannan na'ura haka take yi, sai dai sanyinta ya kai inda iskar kanta ke komawa ruwa ko ta daskare. Ana tsoma tulun ƙarfe maras tsatsa, wanda aka zuƙe iskar cikinsa tas, a cikin wani ruwa mai tsananin sanyi, sannan a buɗe bawul. Duk iskar da ta shiga sai ta manne a bangon tulun, cikinsa ya ci gaba da zama kamar fanko, wata iskar ta sake biyowa. Ke nan sanyin ne ke yin aikin famfo. Idan an rufe bawul aka bar tulun ya yi ɗumi, sai a samu iska mai yawa a matse a ƙaramin wuri.

Ruwan sanyin ya danganta da abin da ake nema. Ruwan naitrojin yana tafasa a digiri 196 ƙasa da sifili a ma'aunin Salshiyos, ruwan agon a 186, na niyon a 246, na hiliyom a 269. Naitrojin ɗin da ke cikin iska ba ya daskarewa sai an kai wajen 210 ƙasa da sifili, shi ya sa mai son daskarar da iska ɗungurungum a can sama, inda ta yi sirara, yake neman niyon ko hiliyom. Akwai kuma nau'i na biyu da ya fi yawa a ɗakunan gwaji, wato tarkon sanyi: ɗan siririn bututu da ake sanyayawa yadda naitrojin da oksijin za su wuce, gurɓatattun sinadarai kuma su maƙale.

Su wa ke amfani da ita?

Masu nazarin sararin sama su ne kan gaba. Masanan Japan sun fara harba balan-balan ɗauke da irin wannan na'ura mai hiliyom daga Sanriku a 1985. A watan Janairun 2001 masanan Indiya sun harba tasu mai niyon daga Haidarabad, ta ɗebo iska har daga tsayin kilomita 41. A Cape Grim da ke tsibirin Tasmaniya a Ostireliya kuwa, tun 1978 ake adana tulunan iska, ta yadda mai bincike na yau zai iya auna sinadarin da ba wanda ya damu da shi a lokacin da aka cika tulun. Irin waɗannan aune-aune ne ke nuna ko ƙasashe na cika alkawarin yarjejeniyar Montreal ta 1987 kan sinadaran da ke cinye lemar ozon.

Amma kuɗin ba a can sama yake ba. Yana ƙasa, a ɗakunan gwajin da ke auna iskar masana'antu da matatun mai da unguwanni, bisa ƙa'idojin hukumar kare muhalli ta Amurka irin su TO-14 da TO-15. Nan ne ake sayar da na'urori da yawa, nan ne kuma kamfanoni ke sa ido kan juna.

Mece ce takardar mallakar ƙirƙira, kuma me take ba mai ita?

Takarda ce da hukuma ke bai wa wanda ya ƙirƙiro sabon abu, ya kuma yarda ya bayyana wa duniya yadda ake yin sa. A madadin wannan bayani, sai a ba shi ikon hana wasu ƙerawa, ko sayarwa, ko shigowa da abin, ko amfani da shi, na tsawon shekara 20 daga ranar da ya shigar da buƙata. Sai abin ya kasance sabo, ba wanda kowane gwani a fannin zai hango cikin sauƙi ba, kuma mai amfani a aikace.

Ikon hanawa ne kawai, ba lasisin ƙerawa ba. Mutum na iya riƙe da takarda kan sabon bawul, amma ya kasa sayar da na'urarsa saboda wani sashe nata ya faɗa cikin takardar wani. Kuma abin da kotu ke dubawa ba zanen na'urar ba ne ko dogon bayanin da ke gaba, a'a, jerin da'awoyi ne masu lamba da ke ƙarshen takardar. Abin da suka ambata shi ne na mai takarda, abin da suka bari na kowa ne.

Shin wani zai iya mallakar dabarar daskarar da iska gaba ɗaya?

Ba zai iya ba. Cewa iska na komawa ruwa idan ta sha sanyi halitta ce, ba a yi mata rajista. Hanyoyin farko na yin hakan kuma takardunsu sun mutu sama da shekara ɗari da suka wuce. Tun a 1898 William Ramsay da Morris Travers suka tace ruwan iska a Landan suka gano nau'o'in iska uku, kirifton da niyon da zinon, kuma suka buga yadda suka yi. Duk wanda ya ce maka shi ke da "ɗibar iska da sanyi" baki ɗaya, ka nemi ya nuna maka lambar takardarsa da ƙasar da ta ba shi.

To a kan me ake rigima ke nan?

A kan ƙananan abubuwa waɗanda su ne ke raba na'ura mai aiki da maras aiki. Babbar matsala ita ce ruwa. Iska tana ɗauke da danshi mai yawa idan an kwatanta da sinadaran da ake nema, waɗanda kan zo kashi kaɗan cikin biliyan. Danshin ya kan daskare ya toshe bututu, ko ya lalata awon. Tsohuwar hanya ita ce a bi da iskar ta wani bututu mai tsotse danshi, amma sai ya haɗa da wasu sinadaran masu son ruwa ya tsotse. Daga nan aka koma jera tarkuna biyu ko uku, kowane da ma'aunin sanyinsa, ana ɗumama wannan a hankali domin sinadaran su tashi su bar ruwan a baya. Tarko nawa, a wane sanyi, me aka zuba a ciki, wanne ke fara ɗumama: irin waɗannan ne ake rubutawa a da'awa, su ne kuma ake ja-in-ja a kansu.

Sai shafen da ake yi wa cikin tulu don kada sinadarai su manne wa ƙarfe, da bawul ɗin da ba ya yoyo bayan ya sha sanyi ya sake yin ɗumi sau ɗaruruwa, da injin sanyaya na lantarki da ke maye gurbin ruwan naitrojin a tashoshin da motar kawo shi ba ta kaiwa. Wani lokaci ma ba kamfani da kamfani ba ne. Injiniya ne ya bar aiki ya buɗe nasa, ko jami'a da kamfanin da suka yi bincike tare suka rasa wanda zai sa sunansa. Galibin irin waɗannan shari'o'i sulhu ake yi kafin hukunci, ɗaya ya biya ɗaya kuɗin lasisi, sharuɗɗan kuma a rufe su.

Yaushe aka fara irin wannan rigima?

Tun ranar da aka iya mayar da iska ruwa da yawa. William Hampson ya shigar da buƙatarsa a Ingila ranar 23 ga Mayun 1895, Carl von Linde ya shigar da tasa a Jamus ranar 5 ga Yunin shekarar, tsakaninsu bai kai mako biyu cikakku ba. Dabararsu ɗaya ce a asali: a matse iska, a sake ta ta ƙaramar kafa ta yi sanyi, sannan a yi amfani da wannan sanyi a sanyaya iskar da ke tafe, a yi ta maimaitawa har ta koma ruwa. Yau sunan su biyun ake haɗawa a kira hanyar. Hampson ne ma ya bai wa Ramsay ruwan iskar da ya gano kirifton da shi.

Da James Dewar ya mayar da haidirojin ruwa a watan Mayun 1898, sai Hampson ya fito a mujallar Nature yana cewa tun 1894 ya bayyana dabararsa ga mataimakin Dewar, amma ba a ambaci sunansa ba. Dewar ya musanta, aka yi ta musayar wasiƙu masu zafi. Wannan rigimar suna ce. Ta kuɗi ta zo daga baya, bayan Georges Claude na Faransa ya fito da tasa hanyar a 1902 aka kafa kamfanin Air Liquide. Kamfanin British Oxygen, wanda ke riƙe da haƙƙin Linde a Ingila, ya kara da masu amfani da hanyar Claude a can, shari'ar ta kai har Majalisar Dattawan Ingila, wadda ita ce kotun ƙoli a lokacin, a 1909, ɓangaren Linde ya yi nasara.

Gaskiya ne wanda ya ƙirƙiro filas bai ci ko kwabo a kansa ba?

Filas ɗin shayi dai asalinsa kayan ɗakin gwaji ne. Dewar ya ƙera shi a 1892 don adana ruwan iska: kwalba cikin kwalba, an zuƙe iskar da ke tsakaninsu, daga baya aka shafe bangon da azurfa. Har gobe a cikin irinsa ake zuba ruwan naitrojin, kuma da sunan Dewar masana ke kiransa. Amma bai yi masa rajista ba. Reinhold Burger, wani mai hura gilashi a Jamus, shi ya ƙarfafa shi yadda zai jure amfanin gida, ya karɓi takarda a 1903, a 1904 kuma aka fara sayar da shi da sunan Thermos. Dewar ya je kotu bai yi nasara ba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai dai a yi wa Burger adalci. Kwalbar Dewar mai saurin fashewa ce, kuma gyaran da ya sa ta iya shiga jaka aiki ne na gaske. Abin mamakin shi ne Dewar ba baƙon harkar ba ne, domin shi da Frederick Abel sun yi rajistar wani nau'in albarushi maras hayaƙi, har Alfred Nobel ya kai ƙara a kansa ya sha kaye a 1895.

Idan na sauya wani ɗan abu a ƙirar, na tsira?

Ya danganta da abin da ka sauya. Idan da'awa ta ambaci abubuwa biyar, na'urarka kuma ba ta da ɗaya daga cikinsu sam, a ƙa'ida ba ka taka ta ba. Ƙara na shida kuwa ba ya fitar da kai muddin biyar ɗin suna nan. Inda ake zamewa shi ne musanya abu da makamancinsa. Shari'ar da aka fi ambata a nan ita ce ta Graver Tank da Linde Air Products, wadda kotun ƙolin Amurka ta yanke a 1950. Kan hodar walda ce, ba na'urar iska ba: wanda ake ƙara ya sa manganis a inda mai takarda ke sa magniziyom. Kotu ta ce tunda aiki ɗaya suke yi, ta hanya ɗaya, su ba da sakamako ɗaya, kuma masana sun san ana musanya su, to an taka haƙƙi. Ke nan wanda ya cire ruwan naitrojin ya zuba na agon, ya bar komai yadda yake, kada ya saki jiki.

Sauyin da ke fitar da mutum shi ne na tushe. Pieter Tans na hukumar nazarin teku da yanayi ta Amurka (NOAA) ya ƙirƙiro AirCore, dogon siririn bututu a naɗe wanda iskar cikinsa ke fita yayin da balan-balan ke hawa, ya cika da iskar kowane mataki a jere yayin saukowa. Babu ruwan sanyi ko ɗigo a ciki, don haka babu da'awar tarkon sanyi da za ta taɓa shi. Shi ma an ba shi takardarsa a 2009.

Yaya wanda ake tuhuma yake kare kansa?

Hanya biyu ce, kuma yawanci tare ake bin su: "ban taka ba", da kuma "takardar ma tun farko ba ta inganta ba". Ta biyun tana da ƙarfi sosai a wannan fanni, saboda masana sun shafe gomman shekaru suna ƙera na'urorinsu da hannu suna bugawa a mujallu da zane da awo. Tsohon kundin digiri da ke kan kanta a laburaren wata jami'a, ko rahoton wani harbin balan-balan, na iya rusa da'awa idan ya riga ta fitowa. A 2007, a shari'ar KSR da Teleflex, kotun ƙolin Amurka ta sauƙaƙa soke takardar da ba ta wuce haɗa sanannun abubuwa biyu ta yadda kowa zai yi tsammani ba.

Ba lallai sai an je kotu ba. A ofishin rajista na Turai kowa na iya shigar da ƙin amincewa cikin wata 9 daga ranar da aka ba da takarda. A Amurka ma tun 2012 akwai wata sabuwar hanyar neman ofishin rajista ya sake duba takardar da ya bayar, kuma ta fi kotu sauri da rahusa.

Mu jami'a ce, bincike muke yi ba kasuwanci ba. Doka ta shafe mu?

Wannan kuskure ne da ya yaɗu. A Amurka shari'ar Madey da Jami'ar Duke ta 2002 ta nuna cewa zama jami'a ba kariya ba ne, domin kotu ta ɗauki bincike da koyarwa a matsayin sana'ar jami'ar. A Ingila da Jamus an yarda a yi gwaji a kan abin da aka ƙirƙira don a fahimce shi ko a inganta shi, amma kwaikwayon na'ura don a riƙa auna iska da ita kullum ba ya cikin wannan rangwame. Dokar Najeriya ta 1970 ta fi sassauci, ta taƙaita ikon mai takarda ga ayyukan masana'antu da kasuwanci. To amma ɗakin gwajin jami'a da ke karɓar kuɗin kamfanin mai yana auna masa iska, da wuya ya ce ba kasuwanci yake yi ba.

Takardar da aka bayar a Amurka ko Jamus tana aiki a Najeriya ko Nijar?

Ba ta aiki. Kowace takarda iyakarta ƙasar ko ƙungiyar ƙasashen da ta ba da ita, kuma babu wata takarda ta duniya baki ɗaya. Yarjejeniyar Faris ta 1883 ta ba mai ƙirƙira wata 12 ya shigar a wasu ƙasashe da ranarsa ta farko, tsarin haɗin gwiwa na hukumar kare haƙƙin ƙirƙira ta duniya (WIPO) da ke Janeba kuma ya kan tsawaita wa'adin zuwa wajen wata 30, amma a ƙarshe sai ya bi ƙasa-ƙasa ya biya. Nijar da Kamaru da Chadi suna ƙarƙashin ƙungiyar rajista ta OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda takarda ɗaya ke aiki a ƙasashe 17. Gana da Sudan suna cikin wata ƙungiyar rajistar, ARIPO, da ke Harare. Najeriya kuwa rajistarta daban take a Abuja, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron ƙararrakin.

Wani abin lura game da Najeriya: ofishin rajista ba ya binciken ko abu sabo ne, takardu kawai yake dubawa su cika. Don haka riƙe takardar Najeriya ba hujja ba ce cewa za ta tsaya a gaban alƙali. Kuma wanda ya ƙera na'ura a inda babu takarda, ranar da ya tura ta sayarwa ƙasar da akwai, ya shiga hurumin mai ita.

Idan jirgin bincike ɗauke da na'urar ya sauka a ƙasar da wani ke da takarda fa?

Yarjejeniyar Faris ta keɓe jiragen ruwa da na sama da motocin da suka shigo ƙasa na ɗan lokaci ko bisa tsautsayi, amma keɓewar ta shafi abin da ke cikin ginin jirgin ko tafiyar da shi. Na'urar awo da aka ɗora don bincike ba ita ke tuƙa jirgi ba, saboda haka masu shirya irin wannan aiki kan warware batun a rubuce tun kafin tashi.

Mun sayi na'ura ta hannu. Za mu iya gyara ta ko sake sayar da ita?

Idan asalinta daga mai takarda ta fito ta halastacciyar hanya, haƙƙinsa a kan wannan na'ura guda ya ƙare da sayarwar farko. Kotun ƙolin Amurka ta jaddada haka a 2017 a shari'ar Lexmark, kan kwanson tawadar firinta. Sauya bawul da ya lalace, ko sake cika tarko, ko canza na'urar ɗumamawa duk gyara ne. Amma a ɗauki gangar jikin da ta mutu a sake gina sabuwar na'ura a kanta, wannan ƙerawa ce. Manhajar da ke tafiyar da na'urar kuma lasisinta daban ne, sau da yawa ba ya bin mai saye na biyu, sai a tambaya kafin a biya.

Na ƙera sabon tarko. In fara buga sakamakon ne ko in fara rajista?

Rajista tukuna. A Turai, duk abin da ka bayyana a fili kafin ranar shigarwa, ko a taron ƙara wa juna sani ne ko a bidiyon intanet, ya zama tsohon abu, kai da kanka ka kashe takardarka. Amurka tana ɗaga wa mai ƙirƙira ƙafa na shekara 1 kan abin da shi ya bayyana, amma tun 16 ga Maris 2013 ita ma ta koma bin wanda ya riga shigarwa. Labarin Hampson da na Dewar da ke sama ya isa misali. Ka kuma duba takardar ɗaukarka aiki, domin a wurare da yawa abin da ma'aikaci ya ƙirƙira a bakin aiki na ma'aikatar ne.

A ganina ba kowane abu ya cancanci kuɗin rajista ba. Abin da ake ganewa da zarar an kwance na'ura, kamar jerin tarkuna, shi ya dace da takarda. Wanda ba a iya ganewa daga kayan da aka gama, kamar yadda ake shafe cikin tulu, kamfanoni kan bar shi sirrin sana'a, wanda ba shi da wa'adin shekara 20, amma kuma ba ya hana wani ya gano shi da kansa.

Me kotu ke yankewa idan an samu mutum da laifi? Za a soke awon da muka yi?

Diyya ce da umarnin dakatarwa. A Amurka diyyar ba ta komawa baya fiye da shekara 6 kafin shigar da ƙara, kuma ana iya ninka ta har sau uku idan da gangan aka yi. Tun shari'ar eBay ta 2006 ba a ba da umarnin dakatarwa kai tsaye, sai alƙali ya auna har da maslahar jama'a. Idan kuma don gwamnatin Amurka aka yi aikin da izininta, mai takarda diyya kawai zai nema daga gwamnati, ba zai tsayar da aikin ba. Alkaluman da aka riga aka auna kuwa ingancinsu na kimiyya bai dogara da wanda ya mallaki ƙirar ba. Haɗarin da ke kan ɗakin gwaji shi ne a hana kamfanin da ya sayar masa ci gaba da kawo kayan gyara.

Wasiƙar lauya ta iso tana cewa mun taka haƙƙi. Me za mu fara yi?

Kada a amsa da zafi, kada kuma a jefa ta a aljihun tebur, domin ci gaba da aiki bayan an sanar da kai shi ake kafa hujjar ganganci da shi. A ɗauki lambar takardar a duba ta a rumbun Espacenet ko Google Patents, duka kyauta ne. A tabbatar da ƙasar da ta bayar, da ko an riga an bayar ko buƙata ce kawai, da ko shekara 20 sun cika, da ko ana biyan kuɗin sabuntawa, don takardu da yawa kan mutu tun kafin wa'adi saboda rashin biya. Sannan a jera da'awa ta farko layi-layi a gefen na'urar, a ga ko kowane abu da ta ambata yana nan, kamar yadda aka yi bayani a amsar sauya ƙira.

Idan sayen na'urar kuka yi, ku buɗe kwantiragin saye ku nemi sharaɗin da ya ɗora wa mai sayarwa kare ku daga irin wannan ƙara, ku tura masa kwafin wasiƙar nan take, saboda irin wannan sharaɗi kan zo da wa'adin sanarwa. Littattafan aikin ɗakin gwaji da rasiɗai da tsofaffin zane-zane masu kwanan wata kuma a tattara su wuri guda kafin a zauna da lauya.